TSOHUWA DA TAHIYAR ƘASA: TAKI NAWA YA KAMATA TA YI A RANA?

A ƙauye, mace da tahiya take tashi tun tana yarinya. Ta je rijiya. Ta je daji neman itace. Ta kai hura gona. Ta ci kasuwar wani gari a ƙasa, ta dawo a ƙasa. Ba wanda ya taɓa ƙirga takinta, amma yana da yawa.

Ana nan, ɗiyanta su girma. Ɗanta ya yi aure, suruka ta shigo gida. Ran nan tsohuwa ta ɗauki tulu, sai suruka ta tare ta: "Inna, ku aje. Ku zauna ku huta, ni zan je." Jika ya kawo mata buta. Wani ya kawo mata tuwo har bakin ɗaki.

Wannan ladabi ne, kuma tsohuwa ta cancanci hutu. Amma hutu iri biyu ne. Akwai wanda ke sauke mata kaya daga kai. Akwai wanda ke ɗaure ta bisa tabarma tun sahe har dare. Na biyun nan yana cin ƙafahu. Bayan shekara ɗaya ko biyu, matar da ke zuwa kasuwa da ƙafarta sai ta kasa tashi in ba a kama ta ba. Sai a ce tsufa ne. Sau da yawa tsufan ya samu mataimaki, shi ne zama wuri ɗaya.

Abin da zama ke yi ma jiki

Tsokar jiki da aiki take rayuwa. In an daina aiki da ita, sai ta motse. Jikin tsoho ya hi na yaro saurin motsewa, kuma ya hi wuyar komawa yadda yake.

A shekarar 2007, wasu likitoci a Amurka sun bayyana wani gwaji da suka yi. Sun kwantar da tsofaffi masu lahiya bisa gado kwana 10, suna ba su abinci isasshe. Da aka auna su, kowane ya rasa wajen kilo 1 na tsokar ƙafahu. Kwana 10 kaɗai ke nan.

Ƙashi ma haka yake. Bayan mace ta daina ganin jinin wata, ƙashinta yana rage ƙwari. Tahiya tana sa ƙashi ya ɗauki nauyin jiki, wannan kuwa yana rage saurin lalacewarsa. Tsohuwa mai raunin ƙafa tana saurin faɗuwa. In ta faɗi, ƙashin ƙugu yana iya karyewa. Da yawa daga cikin waɗanda suka karye a nan ba su sake tahiya kamar da.

Gwiwa tana son motsi. In ta daɗe a lanƙwashe, sai ta sandare, ciwo ya ƙaru.

Tahiya tana taimakon zuciya. Tana rage hawan jini, wanda ake ce ma tansiyo. Tana taimakon jiki ya ƙone sukarin da ke cikin jini, musamman in an taka kaɗan bayan cin abinci. Tana sa bayan gida ya zo da sauƙi. Tana kawo barci. Kuma wadda ke hita tana ganin mutane, ta gaisa, ta ji labari, kaɗaici ya ragu.

Daga ina maganar taki 10,000 ta hito?

A birni, ana yawan jin cewa dole mutum ya yi taki 10,000 kowace rana. Wasu wayoyin salula ma suna ƙirga takin mai su, suna nuna mashi ko ya kai.

Wannan adadi ba daga likitoci ya faro ba. A shekarar 1965, wani kamfani a ƙasar Japan ya ƙera ɗan ƙaramin abin ƙirga taki, wanda ake ratayawa a ƙugu. Ya sa mashi suna Manpo-kei, wato "ma'aunin taki 10,000". Sunan ya yi daɗin faɗi, kaya suka samu kasuwa, adadin ya bazu duniya.

Taki 10,000 ya kai wajen kilomita 6 ga tsohuwa. Wadda ke da ciwon gwiwa, in ta ji haka, sai ta karaya tun ba ta fara ba. Saboda haka yana da kyau a san abin da bincike ya nuna.

Abin da bincike ya nuna

Wata likita mai suna I-Min Lee, ta jami'ar Harvard a Amurka, ta yi bincike da abokan aikinta. Sun bayyana sakamakon a shekarar 2019. Sun ba mata 16,741 abin ƙirga taki, kowace ta ɗaura shi kwana 7. Shekarun matan, in an daidaita, 72 ne. Daga nan aka bi labarinsu shekara 4 da ƴan watanni.

Ga abin da aka gani:

Waɗanda suka hi kowa zama suna yin taki wajen 2,700 a rana.

Waɗanda ke yin wajen 4,400, mutuwa ta ragu cikinsu da kashi 41 cikin 100, in an gwada da na farkon.

Amfanin ya yi ta ƙaruwa har zuwa taki 7,500. Daga nan sai ya tsaya.

Yawan takin ne ya hi muhimmanci. Mai tahiya a hankali ma ta samu rabonta.

A shekarar 2022 an haɗa bincike 15 daga ƙasashe dabam dabam. Shi ma ya nuna cewa ga wanda ya kai shekara 60, taki 6,000 zuwa 8,000 a rana ya wadatar.

Rai a hannun Allah yake. Amma an ce rigakahi ya hi magani. Darasin da ke nan shi ne: tsakanin 2,700 da 4,400, taki 1,700 ne kawai. Wannan bai wuce kilomita 1 ba, wato tahiyar minti 20. Tsohuwar da ta hi kowa zama, ita ce ke cin riba babba in ta ƙara kaɗan.

Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, da minti take lissahi. A shawarar da ta bayar a shekarar 2020, ta ce babban mutum ya motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 a rana, kwana 5, ya ba da 150. Ba dole a yi su gaba ɗaya ba. Minti 10 da sahe, 10 da la'asar, 10 bayan magariba, duk lissahi ɗaya ne.

Yadda ake ƙirga taki da tsakuwa

Ba sai da salula ko agogo ba. Tsakuwa ta isa.

Duk sanda ƙafa ta taɓa ƙasa, taki 1 ke nan. Dama 1, hagu 2.

Jika ko suruka ta raka tsohuwa, da tsakuwa a hannun dama. Tana ƙirgawa. In ta kai 100, sai ta maida tsakuwa ɗaya hannun hagu, ta sake farawa daga 1. In an isa, a ƙirga tsakuwar hannun hagu. Tsakuwa 4, taki 400 ke nan.

Sau ɗaya ake auna kowace hanya. A rubuta a littahi, an gama. Daga nan, lissahin kowace rana tarawa ce kawai.

Ga misali:

Gida zuwa rijiya, taki 350. Zuwa da dawowa, 700.

Gida zuwa gidan ɗiyarta, taki 400. Zuwa da dawowa, 800.

Gida zuwa gonar bayan gari, taki 900. Zuwa da dawowa, 1,800.

Kai da kawo cikin gida, daga ɗaki zuwa madafa, zuwa wurin awaki, zuwa makewayi, a ce 1,200.

700 da 800 da 1,800 da 1,200, jimla 4,500.

In wannan tsohuwa ta bar zuwa gona da rijiya, saura 2,000. Ta koma cikin waɗanda suka hi kowa zama, ba tare da kowa ya lura ba.

Mai agogo yana iya lissahi da minti. Tsohuwa mai tahiya daidai tana yin taki 80 zuwa 100 a minti ɗaya. Minti 10 ya ba da 800 zuwa 1,000.

Yadda za a fara

Sannu ba ta hana zuwa. Wadda ta daɗe a zaune kada ta fara da nisa.

Makon farko, a auna abin da take yi yanzu. Daga nan a ƙara tsakuwa 3 zuwa 5 a rana. A tsaya nan har ranar kasuwa ta zagayo. In jiki ya karɓa, a sake ƙarawa.

Tahiya mai kyau ita ce wadda jiki zai ɗan yi ɗumi, amma baki yana iya hira. In magana ta gagara saboda haki, a rage sauri.

Tahiya ta hi daɗi in da dalili. Gaishe da mara lahiya. Barka, suna, gaisuwar rasuwa. Duba wake da kuɓewa a gona. Raka jika makaranta. In tsofaffi biyu ko uku suka saba zuwa tare, ɗaya za ta riƙa kiran ɗaya.

Riƙon sanda ba abin kunya ba ne. A sa takalmi mai kama ƙafa, saboda ƙaya da ƙarangiya da zahin rairayi. A sha ruwa kahin a hita, a sha bayan an dawo.

A kula da lokaci. Da bazara, watannin Afrilu da Mayu, zahi yana wuce awo 40. A taka bayan asuba ko gab da magariba, kada a hita da tsakar rana. Da hunturu, a jira rana ta ɗan ɗaga, a ruhe hanci in ƙura ta yi yawa. Da damina, a bi hanyar da aka share, saboda santsi da macizai. Da azumi, a taka da sanyin sahiya ko bayan an sha ruwa.

OMS ta ƙara da cewa wanda ya kai shekara 65 ya riƙa gwajin da ke hana faɗuwa, aƙalla kwana 3 a mako. Ga biyu masu sauƙi. Na ɗaya: ta zauna bisa kujera mai tsawo, ta tashi, ta koma, sau 5 zuwa 10. Na biyu: ta dafa bango, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ƙirga 10, ta sake da ɗayar.

Wadda ba ta hita waje

Akwai matan da ba su hita. Akwai mai takaba, wadda za ta zauna gida wata 4 da kwana 10. Wannan lokaci ne mai tsawo ga ƙafar tsohuwa, ga kuma baƙin ciki.

Tsakar gida ta isa. A auna zagayenta sau ɗaya. In taki 50 ne, zagaye 10 ya ba da 500. In ta yi zagaye 10 bayan kowace salla, ta samu 2,500 a rana, ban da sauran kai da kawo. A kwashe turmi, igiya da turke daga hanya, kada ta yi tuntuɓe.

Mai niyyar aikin hajji ma ta shirya ƙafa tun daga gida. Safa da Marwa kaɗai, sau 7, wajen kilomita 3 ne. Ga kuma ɗawahi.

Wadda aiki ya yi ma yawa

Ba duk tsofaffi ke zaune ba. A ƙauyuka da yawa, samari sun tahi ci rani, tsohuwa ce ke jan ruwa, ita ke ɗauko itace daga nesa. Irin wannan ta wuce taki 7,500 tun kahin azahar. Ba ta bukatar ƙari. Abin da take bukata shi ne a sauke mata kaya, a ba ta abinci isasshe. Kaya mai nauyi bisa kai yana ɓata wuya da baya da gwiwa. A karɓi tulun, a bar mata tahiyar.

Alamun da ba a wasa da su

A tsaya nan take, a kai ta likita, in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwo ko nauyi a ƙirji.

Haki mai tsanani da ɗan ƙaramin motsi.

Jiri, ko ganin duhu.

Kumburin ƙafahu biyu.

Gwiwa ta kumbura, ta yi zahi.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ta nemi shawarar ma'aikacin lahiya kahin ta ƙara nisa. Kada ta bar shan magani don ta fara tahiya. Mai ciwon sukari kada ta taka ƙasa ba takalmi. A duba mata ƙafa kowace yamma, har tsakanin yatsu, domin ƙaya tana iya sukar ta ba ta ji ba. Gyambon da ya ƙi warkewa, a kai shi likita da wuri.

Aiki ga ƴan aji

Kowane ɗalibi ya auna hanya 3 tare da tsohuwar gidansu. Ya rubuta sunan hanyar da yawan takin a littahinsa. Ya tara lissahin rana ɗaya, ya kawo aji. A duba tare: wace ce ke ƙasa da 3,000? Wace hanya za a ƙara mata? Wace ce kaya ya yi ma yawa? Wa zai karɓe shi?

Abin da tsohuwa ke so ba boyayye ba ne. Tana so ta yi salla a tsaye, ta kewaya da kanta, ta je sunan jikanta da ƙafarta. Gobe in Inna ta tashi za ta rijiya, suruka ta ɗauki tulun, ta ce: "Inna, ku taso mu je tare."