Comic Sans: Yadda Salon Haruffan Yara Ya Mamaye Ofisoshi

A shekarar 1994, Vincent Connare, mai zana haruffa a kamfanin Microsoft, ya ga wata manhaja mai suna Microsoft Bob. A cikinta akwai wani kare na zane yana yi wa mai kwamfuta jagora, amma an rubuta maganarsa da Times New Roman, haruffan jarida da takardun hukuma. Abin bai kwanta masa a rai ba. Sai ya ɗauko littattafan labarai masu zane ya kwaikwayi rubutun hannun da ke cikinsu. Haka aka haifi Comic Sans.

Wanda ya ƙura masa ido zai ga sirrinsa. Layukansa ba su miƙe sarai ba, bakin kowane harafi a dunƙule yake kamar an rubuta da alli, sannan harafin "a" cikinsa ɗaya ne, irin wanda malamin aji ɗaya ke zana wa yara a allo.

Abu biyu suka yaɗa shi. Na farko, tun zamanin Windows 95 yake zuwa a cikin kwamfuta kyauta. Na biyu, sauran haruffan duk fuskarsu a murtuke take, shi kaɗai ke da fara'a. Nan da nan ya cika katin gayyata da allon sanarwar makaranta, daga nan ya tsallaka zuwa takardun asibiti da wasiƙun ofis.

A nan ne rigima ta taso. A 1999 wasu mutum biyu a Amurka, Holly da David Combs, suka fara gangamin a haramta shi. A 2012 kuwa, da cibiyar CERN ta sanar da gano ƙwayar Higgs, masaniyar kimiyya Fabiola Gianotti ta gabatar da sakamakon da waɗannan haruffa, sai mutane da dama suka bar zancen kimiyya suka koma kan rubutu. Dalilin a fili yake: harafi murya ne, ba a isar da saƙon ta'aziyya da muryar wasa.

Sai dai amfaninsa ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar kula da masu wahalar karatu ta Birtaniya ta sa shi cikin haruffan da take ba da shawarar amfani da su. Ga malamin Hausa kuma akwai abin lura: yawancin haruffa masu kama da rubutun hannu ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga an koma rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa". Gara a nemi irin Andika, wanda ƙungiyar SIL ta tsara domin masu koyon karatu, yana ɗauke da masu ƙugiyar duka.

Laifin ba na Connare ba ne, don yara ya yi wa ɗinki. Kowa ya san rigar gida daban, ta zuwa fada daban. Kafin a danna maɓallin bugawa, a tambayi kai: wa zai karanta, kuma a wane hali?