Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Lantarki Ta Hannu, Tambayi Batirinta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin mai mota a Najeriya ya canza. Wanda a da yake cika tanki ko waiwaye ba ya yi, yanzu tsayawa yake yana ƙirga lita. Maganar motar lantarki da ake ɗauka hirar 'yan boko ce ta shigo majalisa da bakin kasuwa. Sabuwa dal dai sai wane da wane. Wadda mai matsakaicin ƙarfi zai iya kaiwa gare ta ita ce ta hannu, wadda aka gama mora a Amurka ko Turai ko Sin aka lodo ta a jirgin ruwa. A nan ake shiga ruɗu: ga 'yar 2013 da araha, fenti yana ƙyalli, ga 'yar 2018 ko 2019 da kuɗinta ya ɗara nesa ba kusa ba. Dillali kuma zai ce maka ai duk ɗaya ne, fitila kawai aka canza.

Ba ɗaya ba ne. Mun saba da motar fetur, inda tsufa ba abin tsoro ba ne. Tsohuwar Corolla in injinta ya fara shan baƙin mai, bakanike zai sauke shi ya gyara, in ya ƙi a leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ɗauko wani. Motar lantarki ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, kuma injinta yakan daɗe bai nemi komai ba. Amma duk wannan sauƙin an tattara shi an ɗora a kan abu guda, wato batirin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta. Shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma yana tsufa ko ana hawa ko an ajiye. Duk mai wayar hannu ya san yadda take komawa bayan shekara uku: a cika ta da safe, kafin la'asar tana neman caja. Bambancin kawai, batirin waya ana canza shi da kuɗin cefane, na mota kuwa yana iya cinye kuɗin da aka sayi motar.

Mu ɗauki Nissan Leaf, don tana cikin waɗanda suka fi yawa da araha a kasuwar motocin lantarki na hannu a duniya. Ta fito a Disamban 2010 a Japan da Amurka da batir mai ɗaukar kilowat-awa 24. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna tafiyarta a caji ɗaya ta samu kilomita 117, tana sabuwa ke nan. A 2016 aka fito da mai kilowat-awa 30 da ke yin kilomita 172. A 2018 aka sake mata fasali gaba ɗaya da batir mai 40, tana yin kusan kilomita 240, sannan a 2019 aka ƙaro mai 62 da ke haura kilomita 360. Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma ta ƙarshen ta ninka ta farkon sau uku a tafiya.

Wannan lissafin sabuwar mota ne. Abin da ya fi shafar mu shi ne abin da zafi ke yi wa batir. Tun daga 2010 har zuwa samfurin da aka daina a 2025, batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi. A rufe yake cikin akwatin ƙarfe, sai dai ya huce da kansa. A ƙasashen sanyi hakan bai dami kowa ba sosai. Amma a 2012 masu Leaf a birnin Finiks na jihar Arizona, inda zafin bazara ke haura digiri 40, suka fara kuka cewa batirinsu yana zubewa tun motar ba ta shekara biyu ba. Magana ta kai kotu, Nissan ta ba da garanti na musamman kan raguwar ƙarfin batir, daga baya kuma ta canza haɗin sinadarinsa zuwa mai jure zafi, wanda ya zama na kowace Leaf a samfurin 2015. Yanzu ka tuna yadda Sakkwato da Maiduguri da Yamai suke a watan Afrilu. Abin da ya faru a Arizona shi ne zai faru a ƙofar gidanka. Don haka ni a ganina Leaf ta 2011 da 2012 ba ta mutumin Arewa ba ce ko nawa aka yanke mata, ta 2013 da 2014 ma sai in an tabbatar an sa mata sabon batir.

Motar da kanta tana faɗin gaskiya in ka san inda za ka duba. A tsohon samfurin, can gefen dama na allon da ke gaban direba, akwai layuka iri biyu. Dogayen suna nuna cajin da ke ciki yanzu, su ne kamar allurar mai. A bayansu akwai wasu gajeru guda 12 a jere, su ne ke nuna lafiyar batirin, kuma su dillali ba ya so ka ƙirga. A samfurin 2018 zuwa sama sai an latsa maɓallin sitiyari an nemo shafinsu. Layi na farko ba ya ɓacewa sai batir ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa, sauran kuma kowanne kusan kashi 6 ne. Ke nan mota mai layi 8 ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku. In 'yar 2012 ce, kilomita 117 ɗin nan ya koma saba'in da wani abu, ka kunna esi ya sake raguwa. Daga Kano zuwa Wudil da dawowa ma sai da addu'a, Zariya kuwa kada a fara.

Sai dai layukan ma ana yi musu coge. Akwai masu goge ƙwaƙwalwar na'urar da ke lura da batir, sai layuka 12 su dawo cif kamar sabuwa, bayan 'yan makonni su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, lokacin kuɗinka ya riga ya shige. Maganin wannan guda biyu ne. Akwai wata 'yar na'ura mai araha da ake kira OBD2, ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da manhajar LeafSpy a waya. Za ta nuna lafiyar batir a kashi cikin 100 a gaban haruffan SOH, ta nuna sau nawa aka yi wa motar cajin gaggawa, ta kuma nuna ko akwai ɗan batir guda da ya raunana a cikin jerin. Amma gani ya kori ji: a cika motar, ka shiga kai da mai ita, ku kunna esi, ku hau babban titi ku yi tafiyar kilomita 30 ko 40 da gudun da ka saba. Ka rubuta cajin da aka tashi da shi da wanda ya rage. Wannan lissafin ba a goge shi. Lambar da allo ke nunawa ta sauran kilomita kuwa kada ka dogara da ita, hasashe ne da motar ke yi daga tuƙin baya, wanda ya lallaɓa ta a hankali kafin ka zo zai sa ta nuna adadi mai daɗi. Mai motar da ya hana ka wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuma a ɗauka duk wadda ta fi sabunta ita ce ta fi. Labarin Chevrolet Bolt ya isa misali. Motar tana da ruwan sanyaya batir, kuma 'yar 2017 tana yin kilomita 383. Bayan wasu sun kama da wuta saboda aibi a batirin da kamfanin LG ya ƙera, General Motors, mai ƙera motar, ya yi kiranyen na 2017 zuwa 2019 don a gyara su a Nuwamban 2020, a Agustan 2021 kuma ya haɗa da duk sauran har na 2022. Tsofaffin aka sa musu sabon batir da ya ɗan fi na asali girma. Da yawa daga cikin na 2020 zuwa 2022 kuwa manhajar sa ido kawai aka ɗora musu. Sai ga shi Bolt 'yar 2018 tana iya ɗauke da batirin da ya fi na 'yar 2021 ƙuruciya. Haka Hyundai Kona mai lantarki, irin wadda kamfanin Stallion ya ƙaddamar a Legas a 2020 a matsayin wadda aka harhaɗa a Najeriya: a 2021 Hyundai ya yi kiranyen dubban waɗanda aka ƙera daga 2018 zuwa 2020 a faɗin duniya don canza batir. Ita ma Leaf ba ta tsira ba, a 2024 an gargaɗi masu wasu na 2019 da 2020 a Amurka su dakatar da cajin gaggawa saboda haɗarin gobara. Tambayar da za ka yi ita ce: an yi wa wannan motar aikin kiranyen ko ba a yi ba? In daga Amurka ta fito, shafin hukumar kiyaye haɗurran mota ta can, NHTSA, yana nuna kiranyen da ba a kammala ba kyauta, lambar shasi kawai za ka shigar.

Lambar shasin nan tana da wani amfanin. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma a cikinta shi ne shekarar samfuri: B 2011 ce, D 2013, F 2015, J 2018, K 2019. Ka ƙirga da yatsa a jikin gilashin gaba kafin ka saurari abin da aka rubuta a takarda. Tana da muhimmanci ko don kwastam, domin dokar shigo da kaya ta Najeriya ta hana motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Da lambar ce kuma ake binciko tarihin motar, wanda a nan ya fi na motar fetur nauyi. Yawancin motocin da ke zuwa mana da araha daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye ake sayo su. Bayan guguwar Ian ta 2022 a jihar Fulorida, motocin lantarki da ruwan teku ya shiga batirinsu sun riƙa kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki. Wadda ruwa ya taɓa shanyewa, ko 'yar bara ce, ka bar ta inda ka gan ta. Garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 da ake yi wa batir kuwa kada ya shiga lissafinka. Galibi ba ya bin mota zuwa wata nahiya, kuma takardar hatsari tana kashe shi.

Sai bakin caji. Leaf ta da tana amfani da CHAdeMO wajen cajin gaggawa, tsarin Japan da duniya ke ja da baya daga gare shi. Turai ta tsaya a kan CCS, motocin Sin irin su BYD da aka yi don kasuwar gida suna zuwa da GB/T. Wuraren caji a ƙasar nan har yanzu ƙalilan ne, duk da cewa tun 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Jelani Aliyu, ta buɗe na sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ka je wurin da kake sa ran yin caji ka ga irin bakin da suke da shi kafin ka zaɓi mota. A gida ma akwai tarko: wayar cajin da ke zuwa da yawancin tsofaffin motocin Amurka ta wuta mai ƙarfin volt 120 ce, tamu kuwa 230 ce, in ka soka ta kai tsaye ta ƙone. Ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Kuma caja da yawa ba sa yarda su yi aiki in gidan ba shi da wayar kariya da ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa.

A nan ne wasu ke kare ƙaramin batir, su ce ina wutar da za ta cika babba? Gaskiya ne soket ɗin gida yana ba da kusan kilowat 2 ne, mai 40 zai ci awa 18 ko fiye daga fanko. Amma ba kullum ake cika shi daga fanko ba. Mai zirga-zirgar kilomita 40 a rana abin da ya ƙona bai wuce kilowat-awa 7 ba, awa uku zuwa huɗu na wuta sun mayar masa, ko batirinsa babba ne ko ƙarami. Babban ma shi ne ke ba ka damar kwana biyu ko uku ba wuta kana fita aiki, kuma ba sai kana cika shi maƙil kana barin sa a rana ba, abin da ke saurin tsufar da shi. Sababbin motoci da yawa, kamar BYD tun 2020 da wasu Tesla Model 3, sun koma batirin LFP da ya fi jure zafi da yawan caji. In kuɗinka ya kai can, wannan dalili ne na gaske na ƙara kuɗi, ba girman allo ko kujerar fata ba.

Tsohuwa tana da mai ita: wanda ke da wata motar ta tafiya, yana da sola ko tsayayyiyar wuta da rumfar ajiye mota, abin da yake so kawai kai yara makaranta da zuwa kasuwa. Shi ma kada ya sauka ƙasa da 'yar 2015, in ba 'yar 2013 ko 2014 mai sabon batir ba, kada ya karɓi mai ƙasa da layi 10, kuma ya saye ta da sanin cewa ranar sayarwa ba zai sami mai ɗauka da daraja ba. Wanda kuwa ita ce za ta zama motarsa tilo, ya haƙura ya ƙara tari ya nemi mai ruwan sanyaya batir, ko aƙalla Leaf ta 2018 zuwa sama da aka auna a gabansa. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka nemo wanda zai gyara maka ita a garinku ka yi magana da shi ido da ido, domin batirin nan yana ɗauke da wuta mai ƙarfin volt kusan 400, ba aikin bakaniken da ke koyo a kan motarka ba ne. In babu shi a garin, ajiye kuɗinka tukuna.