Gyaɗa: Amfaninta Ga Jiki, Da Yadda Za Mu Saye Ta Mu Ajiye

Mu mutanen Kura da Bunkure, tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudana ya iso gonakinmu, sai hankalinmu ya koma kan shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Kakanninmu kuwa gyaɗa ce kuɗinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan cinikinta ya buɗe, har aka riƙa jera buhuna bisa buhuna a birni, ana ce da su dalar gyaɗa. Farin 1973 da ciwon da ya faɗa wa gyaɗa a 1975 suna cikin abubuwan da suka karya cinikin nan. Yau babu dalar gyaɗa a Kano, amma gyaɗa ba ta bar tukunyarmu ba. Sai dai da yawanmu a kasuwa mu ke saye. Mai saye kuwa tilas ya san abin da ya ke kai wa iyalinsa, gama gyaɗar kirki abinci ce, ɓatacciya kuwa guba ce.

ABIN DA KE CIKIN GYAƊA

Aikin abinci a jikin mutum iri 3 ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar tuwo da shinkafa da mai. Akwai mai gina jiki, kamar nama da kifi da ƙwai da nono da wake. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, kamar ganye da 'ya'yan itace. Gyaɗa tana da rabo cikin duka ukun.

In muka auna nauyin ɓararriyar gyaɗa muka kasa shi kashi 4, kashi 2 mai ne, kashi 1 abin gina jiki ne, sauran kashi 1 kuwa gari ne da dusa da ɗan ruwa. Ke nan wajen yawan abin gina jiki gyaɗa ba ta kasa ɗanyen nama ba, ga ta kuma ta fi shi araha nesa. Na nama ya fi cika, gaskiya ne. Amma in aka haɗa gyaɗa da hatsi, da wake ko nono, sai wannan ya cika abin da wancan ya rasa. Ƙuli-ƙuli ma ya fi gyaɗar kanta abin gina jiki, domin an matse mai, ya rage saura. Saboda haka kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli ba abin rainawa ba ne.

Akwai kuma bitamin B da bitamin E a cikinta. Ɗaya daga cikin bitamin B ɗin nan mace mai ciki tana bukatarsa ƙwarai don ginin jariri. Man gyaɗa kuwa ya fi kitse da kakide sauƙi ga zuciya. Duk da haka komai ya yi yawa ya ɓaci. Cikin hannu guda a yini ya ishi babba, mai hawan jini kuma ya rage cin mai gishiri.

Ga wata shaida. Abincin nan na cikin 'yar leda da a ke ba yara masu tamowa a asibiti, da gyaɗa a ke yinsa, a haɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin. A Faransa aka ƙago shi a 1996. Da yunwa ta auku a Nijar a 2005, da shi aka ceci dubban yara a ƙasar Maraɗi. To, me zai sa mu jira sai yaro ya rame? Ga shinkafa muna nomawa. In yaro ya cika wata 6, sai a fara ba shi kunun gyaɗa kaɗan-kaɗan, ana ci gaba da ba shi nono. Amma kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa sai an niƙa, don kada ta shaƙe shi. In kuwa ya ci aka ga jikinsa ya yi borin jini, ko bakinsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan.

BABBAN MAƘIYIN GYAƊA

Mun san ɓera, mun san gara, mun san ƙwari. Amma akwai wanda ya fi su mugunta, watau fumfuna. In gyaɗa ta sha danshi ga kuma zafi, sai wata irin fumfuna mai kore-kore da rawaya ta tsiro a jikinta, ta zuba mata guba. Masana suna kiran gubar nan afalatoksin.

A Ingila aka fara gane ta. A 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu can. Da aka bincika sai aka tarar tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil aka sa cikin abincinsu, ita ke da gubar. Ba tsuntsaye kaɗai ta ke kashewa ba. A 2004 mutum 125 suka mutu a Kenya don sun ci masarar da irin fumfunar nan ta kama.

Ba safai ta kan kashe mutum farat ɗaya ba. Sannu-sannu ta ke cin hanta, shekara da shekaru, har ta kai ga sankarar hanta. Wanda ya riga ya ke da ciwon hanta iri na B, shi ya fi shiga haɗari. Likitoci kuma sun lura yaran da ke yawan cin ta su kan tsumbure.

Mu riƙe abu biyu. Na fari, wuta ba ta gamawa da gubar nan. Ko an soya, ko an dafa, ko an toya ƙuli, da sauranta a ciki. Na biyu, ba ta bazu daidai cikin buhu ba, cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan ta ke taruwa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. In muka tsince ɓatattun, mun rage gubar ƙwarai.

YADDA ZA MU SAYA

Gyaɗa ta fi araha da kaka, ta fi tsada da damina. Mai hali sai ya saya da kaka. Amma sabuwar gyaɗa ba duka ce ta gama bushewa ba. Ko a kasuwar garinmu ne, ko a Dawanau, mu bi waɗannan ƙa'idodi:

1. In ta ajiya ce, mu sayi mai ɓawo. Ɓawo shi ne rigarta.
2. Mu ɗebi cikin hannu mu kaɗa a kunne. Busasshiya ta kan yi ƙara, ɗanya ba ta yi.
3. Mu ɓare kaɗan mu ciza. Busasshiya ta kan fashe ƙaras, jar fatarta kuma ta murje da sauƙi. In ta yi taushi a haƙori, da sauran ruwa. Wasu su kan yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi daɗin ɓara, ko ta ƙara nauyi.
4. Mu tura hannu har cikin buhu, kada mu tsaya ga ta sama. In cikin buhu da ɗumi ko da warin ruma, mu wuce gaba.
5. Mu duba ƙwaya. Wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ƙwaro ya huda, ko ta yi ɗaci, ba ta ciyuwa.

A kan ware ɓatacciyar gyaɗa a sayar da rahusa, wasu su saya su yi ƙuli ko tunkuza. Ku masu yin ƙuli, araha ba ta ado. Yaran garinmu ne za su ci ƙulin nan, har da naku.

YADDA ZA MU AJIYE

A nan ne mu masu zama kusa da ruwa za mu fi yin hattara. Gidan da ke bakin magudana ko kusa da gonar shinkafa, daɓensa da gindin bangonsa su kan riƙe laima ko da rani.

Da mun kawo gyaɗa gida, mu sake shanya ta kwana 2 ko 3 bisa tamfol ko tabarma, kamar yadda mu ke shanya shinkafa. Kada a zuba ta bisa ƙasa tsura. In rana ta faɗi a kwashe, don kada raɓa ta sauko mata. Sa'an nan a tsince, a zuba cikin buhu mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar taki ko maganin feshi ba. Buhun algarara ya fi, domin iska tana ratsa shi. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda mu ke ajiye wake da shi, yana hana ƙwari, amma sai gyaɗar da ta bushe sarai za a ɗaure a cikinsa.

A ɗora buhu bisa katako ko itace, ya tashi daga ƙasa kamar taƙi guda, kada kuma ya jingina da bango. A duba rufin ɗaki ko na rumbu tun kafin ruwan fari. Kada a yayyafa fiya-fiya ko maganin feshin tumatir bisa abin da mutane za su ci. Kowane wata a kwance buhu a duba, balle daga Yuni zuwa Satumba. In an ji danshi, a fitar a shanya.

Kada a ɓare sai gwargwadon abin da za a ci cikin 'yan makonni. Soyayyar gyaɗa da ƙuli a sa su cikin kwalba ko mazubi mai murfi. Man gyaɗa a rufe shi a ajiye a inuwa, gama rana da iska su ke sa shi maƙaƙi. Wadda aka tsince kuwa a ƙone ko a binne. Kada a ba kaji, kada a ba saniya ko akuyar tatsa, domin gubar ta kan biyo nono ta dawo mana.

Wanda ya noma tasa, ko da damina ko da ruwan rani, ya cire ta da zarar ta nuna, ya kula kada fartanya ta fasa ɓawo, kada kuma ya tula ta tana ɗanya.

Jama'a, duk wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Rana kyauta ce, tsinta kuwa aikin yamma guda ne ga mutanen gida. Riga-kafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. In aka kasa nauyin gyaɗa kashi 4, kashi nawa ne abin gina jiki?
2. Don me suya ba ta gyara gyaɗar da ta yi fumfuna?
3. Yaya za ka gane gyaɗa ta bushe tun kana kasuwa?
4. A ina buhun gyaɗa ya ke a gidanku yau?