Bayan Jaguar, Sai Wace Mota?

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Ingila, wurin masu sha'awar tsofaffin motoci. Mutum ne ya shekara da shekaru yana riƙe da babbar motar doguwar tafiya, irin wadda ake kira GT, yau kuma ya ƙudura rabuwa da ita ya sayi motar gudu. To, wacce zai ɗauka?

Bari mu yi misali da Jaguar XJS, tunda ba sai hamshaƙin attajiri ke iya mallakarta ba. An ƙera ta a Coventry daga 1975 zuwa 1996, guda dubu 115 da 'yan kai. Wadda ta fi suna cikinsu tana da inji mai silinda 12, lita 5.3, nauyinta kuma ya haura kilo 1,700. An yi ta ne domin mutum ya bar Landan da sassafe, ya haye Faransa, ya miƙe kudu yana kishingiɗe a kujerar fata, giya na canja kanta, injin ko tari ba ya yi, kayan mutum biyu na cikin but. A wannan fage, gaskiya, kaɗan ne suka kamo ƙafarta a zamaninta.

Me zai sa a rabu da ita? Fetur dai tana shan sa ba tausayi. Zafin da ke taruwa a ɗakin injin yana busar da tiyo da wayoyi har su tsattsage. Birkin baya, a waɗanda aka ƙera kafin 1993, yana can tsakiyar ƙarƙashin motar nesa da taya, don haka sauya faifansa kan sa bakanike ya sauko da ƙafar baya gaba ɗaya. Ga tsatsa mai cin bodi daga ciki. Tun 2021 fetur na yau da kullum a Birtaniya ya koma nau'in da ake kira E10, wanda tsohuwar roba ba ta jure masa, sai mai motar ya riƙa sayen mai tsada. A Landan kuma akwai harajin hayaƙi na fam 12.50 kullum aka fito da motar. An yafe wa waɗanda suka haura shekara 40, saboda haka ƙirar 1978 ta tsira, ƙirar 1994 na biya.

Sai dai ni a ganina babban dalilin yana wani wuri. Doguwar tafiyar nan da aka yi motar dominta, sau nawa ake yin ta? Yawanci ran Lahadi ake fito da ita, a zaga ƙananan hanyoyin karkara na sa'a guda, a mayar da ita gareji. A babbar hanya doka ta tsayar da gudu a mil 70 cikin sa'a, wajen kilomita 113, inda silinda 12 ko farkawa ba su gama yi ba. A hanyar karkara mai kwana-kwana kuwa, nauyi da faɗi su ne ke wahalar da direba. Dokin hawan salla ne da cikakken ado aka kai shi filin sukuwa.

Nan ne da yawa ke tafka kuskure. Sai ka ga mutum ya nufi Jaguar XK8 ko Porsche 928, yana lissafin ƙarfin doki. Motoci ne na ƙwarai, amma 'yan gida ɗaya ne da wadda ya sayar, kuma abin da ya dame shi yana nan zai biyo shi. Ita 928 ɗin ma labarinta abin lura ne: kamfanin Porsche ya fito da ita a 1977 da niyyar ta gaji motarsa ƙirar 911, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1978, amma a 1995 aka daina ƙera ta, 911 kuwa tana nan har gobe.

Wanda ke son canji na gaskiya, nauyi ya kamata ya duba. Ku ɗauki Lotus Elise ta farko, wadda ta fito daga Hethel a yankin Norfolk a 1996. Nauyinta kilo 725, ko rabin na Jaguar bai kai ba. Injinta lita 1.8 ne, ƙarfin doki 118, yana bayan direba. Ƙashin jikinta alminiyam ne da aka haɗa da gam. Sitiyarinta ba shi da na'urar sauƙaƙa juyi, don haka duk tsakuwar da tayar gaba ta taka sai direba ya ji ta a tafin hannunsa. Ka nufi kwana, kafin ka gama tunani ta riga ta shiga. Kuma duk wannan daɗi yana samuwa ne a gudun da doka ta yarda da shi, abin da Jaguar ba ta taɓa iya ba mai ita ba.

Amma kada in ɓoye muku kuɗin da jiki ke biya. Shiga Elise sai an ƙetare wani faffaɗan dakali an zube ciki, fita kuwa ta fi wuya, musamman ga mai ciwon baya ko gwiwa. Ƙara ta cika ɗakin, rufin kan yi yoyo, but ɗin jaka ɗaya ya ishe shi, kuma an san injin da ƙona gaskit. Wanda ya saba da shirun silinda 12, tafiyar sa'a uku a cikinta za ta sa ya yi kewar tsohuwar motarsa.

Akwai tsaka-tsaki. Porsche Boxster, ita ma ta 1996, tana da silinda 6 a tsakiya da but biyu, gaba da baya, tana iya kwana tana iya tafiya mai nisa. Gyaranta dai kuɗin Porsche ne, kuma na farko-farko suna da wani boris a cikin inji da ya wajaba a bincika kafin a biya.

Da za a tambaye ni, Mazda MX-5 zan nuna wa mafi yawansu. Ta fito a 1989, an yi koyi da tsohuwar Lotus Elan wajen ƙera ta, ta farkon ba ta kai tan ɗaya ba, rufinta da hannu ɗaya ake buɗe shi, giyarta ta hannu kamar an zuba mata man shanu. A 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya, shi ya sa kayan gyaranta ke ko'ina kuma kowane bakanike ya san ta. Tsatsa ce kawai abokiyar gabarta. Abin da ke hana mutane ɗaukarta shi ne gudun a ce wane ya sauka daga Jaguar ya koma Mazda, kuma wannan kunya tana jawo wa mutane asarar daɗin tuƙi mai yawa. Mazaunin Landan dai ya nemi wadda aka yi wa rajista bayan 2005, domin tsofaffin Mazda da Lotus su ma harajin hayaƙin bai ƙyale su ba.

Kafin a miƙa kuɗi, a nemi motar a yini da ita a kan hanyar da aka saba bi, har cikin ruwan sama in da hali, kuma a tafi da uwargida, domin ita ce ta shekara tana hutawa a kujerar fatar nan, ita ce kuma za ta fara jin gargada.