Kafin ka sa wuƙa a aljihu da sunan kare kai

Idan kana zaune a Agege, ko kana neman abinci tsakanin Pen Cinema da mayankar Oko-Oba, ba mamaki ka taɓa tunanin sayen 'yar wuƙa mai naɗewa ka riƙa yawo da ita. Dalilinka a fili yake. Da asuba kake fita, da dare kake dawowa ɗauke da cinikin yini. Ka ji labarin yaran Awawa masu tare mutane da reza, ba ka kuma manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin kullen korona, da magidanta suka riƙa kwana a titi suna gadi saboda tsoron 'yan daban One Million Boys.

Wuƙar kuwa ga arha, ga sauƙin samu. Amma kafin ka tsaya zaɓen wadda ta fi kaifi, ka fara sanin abin da doka ta ce, da abin da wuƙa ke yi wa jikin ɗan Adam.

Me doka ta ce?

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yarda mutum ya kare kansa daga mai kai masa hari, amma da sharaɗin kada ƙarfin da zai yi amfani da shi ya wuce abin da hali ya tilasta. Dokar laifuffuka ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2011, a kan wannan ƙa'ida take. Ba za a karɓi uzurinka na soka wa mutum wuƙa ba sai in akwai hujjar cewa ranka ne ke cikin haɗari, ko ana shirin ji maka mummunan rauni, kuma babu wata mafita.

Ke nan idan kwandastan danfo ya zage ka a kan canji, ko wani ya mare ka, ka zaro wuƙa ya mutu, tuhumar kisa ce ke gabanka. Hukuncin kisan gilla a Legas kisa ne, wanda ba na ganganci ba kuma yana iya kaiwa ɗaurin rai-da-rai. Ko ba ka taɓa kowa ba, yawo da makami cikin jama'a ba da halattaccen dalili ba, ta yadda zai firgita mutane, laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Mahauci ko mai tsire da aka gani da wuƙa cikin jakar aikinsa yana da abin faɗa wa 'yan sanda. Saurayin da aka lalubo ta a aljihunsa da tsakar dare zai sha wuyar bayani.

Ba a nan kaɗai ake tsanantawa ba. A Ingila an yarda mutum ya riƙe wuƙa mai naɗewa ne kawai idan tsawon kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa, sannan ba a karɓar kare kai a matsayin dalilin yawo da makami.

Abin da wuƙa ke yi wa jiki

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. Idan tsinin wuƙa ya sami babbar jijiyar jini a wuya, ko hammata, ko cinya, rai na iya fita cikin 'yan mintoci, tun kafin mota ta ratsa cunkoson titin Agege. Ƙaramar huda a ciki kuma tana yaudara: a waje ba a ganin komai, alhali jini na zuba daga hanta ko saifa. Don haka kada ka ce ai tsorata shi kawai za ka yi. Wuƙa ba ta hana mai kawo hari isowa jikinka, kuma a cikin kokawa ana iya ƙwace ta a juyo da ita kanka.

Ka kuma tuna kai ba kai kaɗai ba ne. A garin da ƙabilu ke zaune a cakuɗe, faɗan mutum biyu kan zama na unguwa. Rikicin kasuwar Mile 12 a watan Maris na 2016 daga ƙaramar hatsaniya ya faro, ya ƙare da asarar rayuka da ƙone-ƙone.

In don sana'a kake buƙatarta

Mai yankan igiya ko buhu, da mai fere rake ko lemo, ba za su rabu da wuƙa ba. Ka zaɓi gajera, wadda ƙotarta ba ta santsi ko da hannu ya jiƙe, wadda kuma ba ta rufewa da kanta a kan yatsu. Ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa. Wurinta jakar aiki ko shago, ba aljihun da za ka shiga gidan biki ko gidan kallon ƙwallo da shi ba. A gida a ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Uwargida, idan kin tsinci wuƙa a wandon ɗanki lokacin wanki, kada ki kau da kai. Ku zauna da shi da mahaifinsa ku ji wa yake tsoro, da su wa yake yawo.

Abin da ya fi wuƙa tsare ka

Ka rage yawo da tsabar kuɗi, ka tura ciniki asusu kafin ka tashi daga kasuwa. Ku riƙa dawowa biyu-biyu ko uku-uku ta hanya mai haske, da tocila da usur a hannu. Idan aka tare ka, ka miƙa wayar. Ana sake sayen waya, ba a sake sayen rai. Ka ajiye lambobin agajin gaggawa na Legas, 767 da 112, ka kuma kai rahoton masu addabar layinku ga 'yan sanda, ko jami'an tsaron unguwanni na LNSC, ko fadar Sarkin Hausawa.

Idan aka soki wani a gabanka

Ka danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Idan ya jiƙe, ka ɗora wani a kai. Idan wuƙar na jiki, kada ka zare ta, domin wataƙila ita ce ta toshe jijiyar, sai dai ka danne gefe da gefe. Idan a hannu ko ƙafa ne kuma jini ya ƙi tsayawa, ka ɗaure sama da raunin tamau da ƙyalle mai faɗi, ka riƙe lokacin da ka ɗaure don faɗa wa likita. Idan hanji ya fito, kada ka mayar da shi, ka rufe da tsumma mai tsabta mai danshi. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki, kada kuma a ba shi ruwa ko abinci.

A garzaya da shi Babban Asibitin Orile-Agege ko asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa. Ko da raunin ƙarami ne, a nemi allurar rigakafin tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki.

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Iyalinka sun fi buƙatar ka dawo gida ba waya, da a ce su je ganinka a Kirikiri.