Ɗalibin Aikin Gona: Baki Da Alƙalami

A Samaru ta Zariya, inda aka kafa gonar gwaji tun 1922, wadda ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, akwai ɗalibai waɗanda suka riga suka sami digiri na farko, suna neman na biyu ko na uku. Kowannensu ya kan yi shekara biyu ko fiye yana bin abu guda, ko ƙuduji a gonar dawa, ko ƙwarin wake, ko sabon irin masara. In ya gama sai ya rubuta kundi da Turanci, ya tsaya gaban manyan malamai su yi ta yi masa tambayoyi.

To, amma ran da ya kama aiki, ba waɗannan malamai za su saurare shi ba. Manoma ne a ƙofar gidan mai unguwa, da mai sayar da taki a kasuwa, da akawun da zai karanta takardarsa. Nan ne da yawa su ke faɗuwa.

Ga misali. A cikin kundi an rubuta kilo kaza na taki ga hekta guda. Manomi kuwa da mudu da buhu ya saba. Sai ɗalibi ya san hekta guda ta kusa eka biyu da rabi, buhun taki kilo 50 ne, sa'an nan ya mai da lissafin abin da hannu zai kama, watau cikin murfin kwalba nawa za a sa a gindin kowace shuka. In bai yi haka ba, mutane za su gyaɗa kai don ladabi, su tashi ba su ɗauki kome ba.

Haka kuma sunan cuta. A 1975 kuturtar gyaɗa ta halaka gyaɗa mai yawan gaske a Arewa. Darɓa ce ke ɗaukarta daga wannan shuka zuwa waccan. Abin da ke rage ta bai fi kalma kaɗan ba: a shuka da wuri, a shuka kurkusa. Wanda ya tsaya kiran sunanta na littafi ya ɓata wa jama'a rana a banza.

Iya magana kuwa har da iya saurare. An daɗe ana gaya wa manoma su bar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. A shekarun 1960 wani masani, David Norman, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi yana tambaya yana rubutawa, sai aka ga haɗin nan yana da riba, kuma in wani amfani ya ƙi, wani ya rufa asiri.

Batun rubutu, na ofis dabam ne da na kundi. Kundi ya kan aje amsa a ƙarshe. Babban ma'aikaci kuwa ba shi da sukunin karanta shafi ɗari, saboda haka abin da a ke roƙo, da kuɗinsa, da ranar da a ke bukatarsa, su za a sa a layin farko. Takardar neman iri in ta kwana a tebur don ba a gane ta ba, damina ba za ta jira ba.

Tun 1963 aka buɗe sashe a Samaru domin mai da binciken masana ƙananan takardu da kowa zai gane. Ɗalibin da ke son gwada kansa sai ya rubuta kundinsa duka a shafi guda da Hausa, ya karanta wa wani tsohon manomi, sa'an nan ya ce, “Baba, me na ce a yi?”