Jar ƙasa da koren ciyawa: Yadda mai makantar launi ke zana tsaunukan Jos

Wanda ya bi Titin Bauchi daga tsakiyar birnin Jos a cikin watan Agusta, ya wuce tashar mota da harabar Jami'ar Jos, ya doshi Naraguta, abu biyu ne za su cika masa ido: jar ƙasar da ruwan sama ya zaizaye a gefen hanya, da koren ciyawar da ta lulluɓe gindin duwatsu. Daga gabas kuma ga tsaunukan Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, sun tokare sararin sama. Wannan haɗuwa ta ja da kore ita ce adon Filato a lokacin damina, kuma ita ke jan hankalin masu zanen sha'awa, irin malaman makaranta da teloli da ma'aikatan ofis da ke ɗaukar takarda da fenti ranar hutu su nemi dutse su zauna.

A cikin irin waɗannan mutane akwai wanda launukan nan biyu ke zo masa kusan iri ɗaya. Idonsa garau yake, yana karanta lambar mota daga nesa, yana zura zare a allura, amma in aka ce ya nuna inda jar ƙasa ta ƙare ciyawa ta fara, sai ya dogara da inuwa da kaushin wurin. Likitocin ido na kiran wannan hali makantar launi, ko da yake sunan ya fi abin girma.

Abin da idon ke gani

A bayan idon ɗan Adam akwai wani tantani mai karɓar haske, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu kula da launi. Iri ɗaya ya fi jin hasken da ke wajen ja, na biyu wajen kore, na uku wajen shuɗi. Ƙwaƙwalwa ce ke gwama saƙon ukun ta fitar da dubban launukan da ake gani. Idan iri ɗaya ya yi rauni ko babu shi sam, sai wasu launuka su haɗe. Mafi yawan masu lalurar, matsalarsu tana tsakanin ja da kore ne, tare da launukan da ke kewaye da su, irin ruwan ƙasa da ruwan goro da ruwan lemo. Shuɗi da rawaya kuwa suna ganinsu sarai. Waɗanda ba sa ganin launi ko kaɗan, sai fari da baƙi da toka-toka, ƙalilan ne ƙwarai a duniya.

Wannan hali daban yake da dundumi, wanda ke hana gani idan duhu ya shiga, daban kuma yake da yanar ido da ke zuwa da tsufa. Da shi ake haihuwar mutum, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. A tsakanin Turawan arewacin Turai, kimanin namiji ɗaya cikin 12 na da shi, mata kuwa kimanin ɗaya cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma ya isa a ce da wuya a rasa irin waɗannan yara a babbar makarantar firamare.

Dalilin da ya sa ya fi kama maza yana cikin yadda ake gadonsa. Sinadarin gadon yana kan kiromosom ɗin da ake kira X, wanda ɗa namiji ke samu daga mahaifiyarsa kaɗai, guda ɗaya tak. Mace tana da guda biyu, don haka in ɗaya ya samu tangarɗa ɗayan ya rufa masa asiri. Uba mai makantar launi ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauki irin, su kuma su iya ba nasu 'ya'yan maza. Saboda haka wanda ke neman asalin abin a danginsa, wajen kawunsa da kakansa na ɗakin uwa ya kamata ya duba.

Daga kasuwa zuwa aljihu

Kafin a zo batun fenti, rayuwar yau da kullum ma cike take da ƙananan jarrabawa. A kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, inda ake sauke kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu, mai wannan lalura da hannu yake sanin nunanne, yana latsawa yana jin laushi. A gaban mai tsire ba ya iya shaida naman da ya gasu da wanda jini bai gama ƙonewa ba. A mahaɗar da ke da fitilar ba da hannu, matsayin fitilar ya haddace: ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. In zai ɗinka kayan Sallah, zaren aikin wuya sai ya bar wa tela zaɓi, ko ya tafi da wani.

Ko kuɗin aljihu sun taɓa zame masa abin lura. A watan Nuwamban 2022, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin manyan takardun naira, sabuwar ₦200 ta fito da launin ja, ₦500 da kore, ₦1,000 da shuɗi. Ga yawancin jama'a launin ya isa shaida. Ga mai makantar launi kuwa, biyun farko sun faɗa daidai inda idonsa ke da rauni, don haka da yamma a cikin Keke Napep sai ya nemi lamba, ko ya duba ya ga rawanin Sardauna ne ko fuskar Azikiwe.

Harshen Hausa kansa yana taimaka wa irin wannan mutum ya ɓoye halinsa, har ga kansa. Sunayen launuka da yawa daga abubuwa aka aro su: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan ƙasa. Yaro na tashi ya ji ana cewa ganye kore ne, jini ja ne, sai ya haddace, ya riƙa ba da amsa daidai. Ranar da aka ba shi abin da bai san sunansa ba, kamar ƙyallen atamfa ko fensirin launi da takardarsa ta ɓare, ranar asiri ke tonuwa. Shi ya sa mutane da yawa ba sa sanin suna da lalurar sai sun girma, galibi a wajen gwajin lafiya na neman aiki.

A gaban allon zane

Mai zanen da ya san halin idonsa yana da dabarun da masu cikakken gani ba su cika damuwa da su ba. Na farko shi ne tsari. Kowane bututun fenti da sunansa a rubuce, kowane launi da gurbinsa a faranti, kuma ba ya sauya musu wuri. Na biyu shi ne taƙaitawa: maimakon launi goma sha biyu, sai ya tsaya kan huɗu ko biyar da ya san halinsu, ya rubuta a littafi yawan da yake haɗawa, kamar mai awon magani. Haɗari mafi girma yana wurin gauraya, domin ɗigon ja a cikin kore yana mayar da shi ruwan ƙasa ba tare da ya lura ba, sai ya wayi gari ya yi wa bishiyar mangwaro ganyen da ya yi kama da busasshe a tsakiyar damina.

Na uku shi ne neman ido na aro. Matarsa ko ƙaramar 'yarsa kan zama alƙali kafin fenti ya bushe, yanzu kuma akwai manhajojin waya da ke faɗin sunan launi idan aka haska musu kyamara. Sai dai aron ido yana da iyaka. Zai gaya masa cewa wannan kore ne, amma ba zai gaya masa ko koren ya dace da dutsen da ke kusa da shi ba.

Abin da ya rage a hannunsa shi ne haske da duhu, kuma malaman zane sun daɗe suna koyar da cewa a nan ƙashin bayan hoto yake. Nisan tsauni, nauyin dutse, zurfin kududdufan da haƙar kuza ta bari a faɗin Filato, duk da bambancin haske ake nuna su kafin a zo ga launi. Don haka lokacin hunturu ya fi yi wa irin wannan mai zane daɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ciyawa ta bushe ta koma rawaya, duwatsu sun yi toka-toka, hazo ya jera tsaunuka ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na gabansa dusashewa. Jos ta rani gari ne da idonsa ke karantawa ba tare da tafinta ba. Damina ce ke mayar da shi ɗalibi.

Akwai kuma tambayar da irin wannan mutum ba ya rabuwa da ita: wane hoto zai zana, wanda shi yake gani ko wanda aka ce masa yana nan? In ya bi littafin awonsa, zai fitar da hoton da jama'a za su yaba, amma shi kansa ba zai ga abin da suke yabawa ba. In ya bi idonsa, hoton zai zama gaskiyarsa, masu kallo kuma su ce ya yi kuskure. Wanda ba da zane yake ci ba yana da 'yancin da ƙwararre ba shi da shi, domin babu mai oda da zai dawo masa da aiki. Yana iya yin ɗaya don bango, ɗaya don kansa.

Waɗanda suka riga shi

Mutum na farko da ya yi cikakken bayanin lalurar a ilmance shi ne John Dalton, masanin kimiyyar sinadarai na Ingila, a 1794. Ya lura cewa wani fure da mutane ke kira ruwan hoda, shi shuɗi-shuɗi yake ganinsa da rana, da dare kuma a hasken kyandir ya sauya masa, kuma ɗan'uwansa ma haka yake gani. Ya zaci ruwan cikin idonsa ne ke da shuɗi, har ya bar wasiyyar a duba idanun bayan ransa. Da ya mutu a 1844 aka duba, aka tarar ruwan garau yake. Sai a 1995 masana suka gwada sinadarin gadon da ke cikin ragowar idanun, suka tabbatar cewa ƙwayoyin da ke karɓar kore ne ba shi da su.

A fagen zane, Charles Meryon na Faransa, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1868, ya bar aikin sojan ruwa da niyyar zama mai zanen fenti, sai ya gano halin idonsa. Ya koma sassaƙa hoto a kan farantin tagulla ana bugawa da baƙin tawada, kuma hotunansa na gadoji da tsofaffin gine-ginen birnin Paris suna cikin waɗanda ake ji da su har yau. Clifton Pugh na Ostareliya, wanda ya rasu a 1990, bai bar fenti ba. Ya zana dazuzzukan ƙasarsa da fuskokin manyanta, ya kuma ci kyautar Archibald sau uku, a 1965 da 1971 da 1972, alhali idonsa ba ya karɓar ja yadda ya kamata.

Mai zanen Jos ba sai ya je nesa ba kafin ya ga darasin. A gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952 ƙarƙashin Bernard Fagg, akwai kawunan yumɓu na al'adar Nok da tukwanen ƙabilu daban-daban na Najeriya. Launinsu ɗaya ne, na ƙasar da aka gasa. Abin da ya sa duniya ke zuwa kallonsu shi ne siffa da tsari da yadda inuwa ke kwanciya a kansu.

Yaron da ake cewa ba ya mai da hankali

Inda lalurar ta fi yin ɓarna shi ne inda ba a san da ita ba. Yaron da ya shafa wa tutar Najeriya ruwan ƙasa a darasin zane, ko ya kasa karanta jan alli a kan koren allo, sau da yawa tsawa yake sha, wani lokaci har da bulala, a kan abin da ba laifinsa ba ne. Wasu daga nan suke jefar da fensir har abada. Can gaba kuma akwai ayyukan da ke buƙatar rarrabe launi, kamar tuƙin jirgin sama da na ƙasa, da wasu sassan aikin soja, da haɗa wayoyin lantarki. Saurayin da ya shekara yana mafarkin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ya fi kyau ya san halin idonsa tun yana sakandare, da a ce sai a ɗakin likita ranar tantancewa.

Gwajin kuwa ba shi da wuya. Littafi ne na da'irori masu ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye a ciki, wanda likitan ido na Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917, kuma cikin 'yan mintuna ake gamawa a asibitin ido. Har yanzu babu maganin da ke warkar da na gado. Tabarau masu tace haske da ake tallatawa a intanet suna iya ƙara bambanci tsakanin wasu launuka, amma ba sa mayar da ƙwayoyin da babu. A 2009 masana a Amurka sun yi nasarar gyara lalurar a jikin wasu birai ta hanyar dasa musu sinadarin gado, sai dai hanyar ba ta zama magani ga mutane ba tukuna. Wanda kuma ya ga launuka sun fara sauya masa da girmansa, wannan wani abu ne daban da ke bukatar likita da gaggawa, domin ciwon suga da hawan jinin ido da wasu magungunan tarin fuka suna iya jawo shi.

Abin da malamin firamare da iyaye za su iya yi ba ya cin kuɗi: a rubuta sunan launi a jikin kowane fensir, a yi amfani da farin alli, kuma idan yaro ya zana ganye ja, a tambaye shi abin da ya gani kafin a ɗauki bulala.